Bakan da Malam Bai Rufe Ba

Shekara shida ke nan, a wannan watan, da muka rasa Malam Lawali. Saboda mai karatu na rubuta sunan. Ni dai tun ranar da aka kai ni gidansa har ranar da aka fitar da shi, Malam nake ce masa. Duk shekara idan watan ya zagayo, a kan dafa abinci a raba, a yi masa addu'a, in koma bakin aikina. Ban taɓa tunanin zan yi rubutu a jarida ba. Abin da ya sa ni bana zai ba wasu mamaki: wani harshen kwamfuta ne aka fitar da sabon zubinsa, kuma duk da ban iya harshen ba, ya tono mini abin da na ɗauka ya kwanta.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Ƙauran Namoda. Malam mutumin Katuru ne, can ƙasar Shinkafi, kuma lissafi yake koyarwa a makarantar sakandare. Da girmansa sha'awar kwamfuta ta kama shi. Ya sayi wata tsohuwa ta ɗorawa a cinya, ya shiga koyon yadda ake rubuta mata umarni. A bakinsa na fara jin cewa ita ma kwamfuta tana da harsuna, kuma wanda ya zaɓa ba mallakar wani kamfani ba ne. Ba a sayensa, ba a ɓoye cikinsa. Mutane ne daga ƙasashe barkatai suke haɗa hannu suna gyara shi, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, kuma lokaci-lokaci sukan fitar da sabon zubi. Malam yakan ce aikin gayya ne, sai dai gonar ba ta da mai ita, kuma ba a kawo wa masu noman fura.

Da farko ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Ganinsa nake kamar sauran maza da ke zuwa majalisa ko kallon ƙwallo, gara ma shi yana gida.

Wanda bai yi aiki a ɗakin haihuwa ba ba zai san yadda jini yake gudu ba. Ana kawo mana mata daga Moriki, daga Gurbin Ɓore, daga ƙauyukan da mota ba ta shiga, a bayan babur an ɗaure su da zane, sun riga sun zubar da rabin abin da ke jikinsu a hanya. Ba mu da wurin ajiyar jini. Sai a gwada miji, bai dace ba. A gwada ƙane, bai dace ba. Daga nan dangi su bazu cikin garin da ba su san kowa ba, suna roƙon mutane a bakin titi. Wata rana na dawo gida na kasa cin abinci, saboda wata mata da muka rasa ana cikin wannan neman. Malam bai yi mini dogon wa'azi ba. Tambayoyi ya shiga jero mini irin na malamin lissafi: jini kala nawa ne, wane ke iya ba wane, in mutum ya bayar yaushe zai iya sakewa.

Bayan haka ya fara yawo. Ya je tasha, ya je wajen mahauta, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan an sallame, yana neman waɗanda za su yarda a gwada jininsu a karɓi lambar wayarsu. Wasu suka ce sayarwa za a yi. Wasu suka ce in an ɗebi jinin namiji ƙarfinsa ya tafi ke nan. Ya yi ta haƙuri da su har aka samu masu yarda. Sannan ya zauna ya rubuta 'yar manhaja. Aikinta ba shi da yawa. In danna irin jinin da ake buƙata, ita kuma ta zaɓo waɗanda nasu ya dace kuma suka huta tun bayarwar baya, ta tura musu saƙon waya ta wata 'yar na'ura mai sim a ciki. Aka ɗora ta a kan wata kwamfuta a ofishinmu. Ranar da muka fara gwada ta a kan mara lafiya ta gaske, kafin in gama ɗaura ruwa sai ga mutum uku a bakin ƙofa, ɗaya da almakashin ɗinki a aljihu.

Malam yana da ciwon suga tun kafin mu yi aure. A shekarun ƙarshe ya sauka a idonsa. Ya fara da ƙara girman rubutun fuskar kwamfutar, har ya kai layi ɗaya ba ya shiga sai an ja shi gefe. Daga baya haruffan suka zama masa kamar tururuwa a cikin hayaƙi. Hannunsa ya san inda kowane maɓalli yake, yana iya rubutawa ido rufe. Karanta abin da ya rubuta ne ya gagara. Nan na shigo.

Bayan La'asar, in ba ni da aiki, mukan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, in ɗora kwamfutar a cinyata in riƙa karanta masa. Ba irin karatun da kuka sani ba ne. Kowace alama sai an faɗe ta, domin ɗigo ɗaya in ya ɓace komai ya tsaya. Sunayen alamomin na Turanci sun yi mini nauyi, sai muka raɗa musu namu. Baka dai baka ne, buɗe baka, rufe baka. Mai kusurwa muka ce mata ƙyaure. 'Yan tagwayen nan da ke saman kalma, ƙahoni. Layin da ke kwance a ƙasa, tabarma. Maƙwabciyata ta taɓa leƙowa ta katanga ta ji ina cewa, “Buɗe baka, ƙahoni, jini, ƙahoni, waƙafi, buɗe ƙyaure,” ta koma da sauri. Washegari ta tambaye ni a hankali ko wani magani aka ba Malam da ake karantawa. Ya yi dariya ranar har da hawaye.

To amma harshen nan, a zubin da muke da shi a lokacin, yana da wani hali mai cin rai. Idan ka yi kuskure zai ce maka akwai kuskure, shi ke nan. Wani lokaci ya nuna maka layi, ka duba ka ga layin lafiya lau, ashe ɓarnar tana can sama nesa. Mai ido yakan bi da kallo ya gano. Wanda matarsa ke karanta masa harafi-harafi kuwa, sai dai a koma farko. Malam ya taɓa sa ni na rubuta musu a dandalinsu, inda kowa ke da damar magana, ya gaya musu halin idonsa, ya roƙi a sa harshen ya riƙa faɗin inda kuskure yake. Wani da ba mu san ƙasarsa ba ya ba shi amsa cikin ladabi, cewa mutane da yawa suna son haka, amma sai an sake gina wani babban sashe, kuma masu aikin ba su da yawa. Malam bai ji haushi ba. Cewa ya yi da idonsa na nan da ya ɗauki fartanya ya shiga gonar.

A cikin wannan hali ne wani gargaɗi ya fara fitowa duk lokacin da aka kunna manhajar. Na karanta masa. Ya fassara mini: wani tsohon ɓangare na harshen, wanda manhajarmu ke bi ta kansa ta yi magana da na'urar tura saƙo, an yanke shawarar za a cire shi nan gaba. Ba yau ba, ba gobe ba, amma za a cire. Ya ce gara ya sauya mata hanya tun yana iyawa.

Ya bar wadda ke asibiti tana aikinta, ya ɗauki kwafi ya shiga gyara a gida. Aikin ya ja, don a lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura. Ya kusa kaiwa ƙarshe sai ta ƙi tashi. Akwai kuskure, in ji ta, a wani layi can ƙasa. Na karanta masa layin, ya ce ba komai a ciki. Na karanta na samansa da na ƙasansa. Muka koma farko. Washegari muka sake, da jibi, har muryata ta dushe. Shi kuma yana zaune ya jingina da bango, yana ƙirga buɗewa da rufewa da yatsunsa, in an kai tsakiya lissafin ya kuɓuce masa, shi da ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Ranar ƙarshe ina cikin karatu ya miƙo hannu yana laluben murfin kwamfutar, ya rufe ta a hankali a kan cinyata.

“Bar shi hakanan, Hajo,” ya ce. “Kin gaji, ni ma na gaji. Wadda ag ga asibiti tana yi. In Allah ya ba ni lahiya mu koma mai.”

Ba mu koma ba. Ƙoda ta biyo bayan ido, aka yi ta zaryar Gusau da Sakkwato, kuma kafin kakar wannan shekarar Allah ya karɓi abinsa.

Manhajar ta ci gaba da aiki bayansa. Gargaɗin nan yana fitowa kullum, da ƙananan haruffan Turanci, mu kuma muka saba da shi yadda ake sabawa da tsagar bango. Sababbin ma'aikata suka zo suka tarar da shi, suka ɗauka ado ne. A cikin shekarun nan abubuwa da yawa sun faru da Malam bai gani ba, kuma wani lokaci nakan ce an yi masa sauƙi. Bai ga yadda hanyar Shinkafi ta koma ba, hanyar da yakan bi a kan babur da yamma ya gaida tsohuwarsa ya dawo. Bai ga danginsa sun bar gonakin nesa sun taru a na bayan gari ba. Bai ga yadda mata masu naƙuda suke kwana da ciwo a ƙauye suna jiran gari ya waye a samu mai ƙarfin halin ɗauko su ba. Yanzu sun fi isowa a makare, sun fi buƙatar jini, wato abin da ya bari ya fi amfani a bayansa fiye da lokacin da yana raye.

Da damanar bana tsohuwar kwamfutar ofishin ta mutu. Wani bawan Allah ya ba mu sabuwa. Muna da ajiyar manhajar da lambobin mutane, don haka hankalina bai tashi ba. Aka ɗora harshen, sabon zubi, tunda shi ake samu, aka ɗora manhajar a kai. Ta ƙi. Ranar da aka yi mana alkawarinta tun Malam yana da rai ta zo.

Mutum ɗaya na sani da zai iya, Malam Murtala, abokin Malam tun suna makaranta, wanda ke gyaran kwamfuta a Shinkafi. Na kira shi. Ya yi ƙoƙarin yi mini kwatance ta waya, abin ya fi ƙarfina. Ya ce zai zo, amma a makonnin nan hanya ba ta biyuwa, motoci sai a ayari, wata rana ma ba a fita. Muka koma gidan jiya, muna bin lambobi ɗaya bayan ɗaya da wayoyinmu, ba mu san wanda ya bayar kwanan nan ba, ba mu san wanda ya bar gari ba. A cikin wannan tsakanin aka kawo mana wata mata daga wajen Zurmi, haihuwarta ta biyar, mai irin jinin da ba a cika samu ba. Mun samu mai bayarwa. Ya iso, har ya naɗe hannun riga. Ba ta jira shi ba. Ba zan ce da manhajar na aiki da ta rayu ba, wannan sanin na Allah ne, kuma ta iso mana a galabaice. Na dai san tsawon lokacin da muka ɓata muna kiran wayoyin da ba a ɗauka.

Da hanya ta lafa Malam Murtala ya zo. Ya duba ya tabbatar da abin da nake zato: an cire tsohon ɓangaren nan, tare da wasu irinsa. Ya ce ko dai a nemo tsohon zubi a koma masa, wanda an daina kula da shi, ko a sake rubuta sashen tura saƙon. Sai na tuna da kwafin da Malam ya bari. Na koma gida na ɗauko kwamfutarsa daga cikin akwati, inda take naɗe a zane tun ranar da ya rufe ta. Batirinta ya mutu, amma Malam Murtala ya ciro abin da ke ciki, ya buɗe shi a sabuwar, ya danna.

Ko numfashi ban gama ja ba amsa ta fito. Ya matso da fuskar kwamfutar wajena.

“Maman Nafisa, diba nan. Kin ga abin da tac ce? An buɗe baka ga wanga layi, ba a ruhe ba.”

Ga layin, ga 'yar alama a ƙarƙashin bakan tana nuna shi kamar da yatsa, har da launi. Can sama yake, nesa da inda tsohon zubin ya yi ta aika mu. Na tabbata na karanta layin nan ya fi a ƙirga, shi ma ya saurare shi ya fi a ƙirga. Bakuna ne uku a jere a ƙarshensa inda ya kamata a ga huɗu. Malam Murtala ya danna maɓalli ɗaya. Ta wuce. Ta sake tsayawa a wani wuri, ta ce wannan kalmar ba ta san ta ba, ko kaza ake nufi? Harafi ɗaya ne hannun Malam ya tsallake. Ya gyara. Kafin a kira Azahar saƙon gwaji ya shigo wayata. Ashe Malam ya gama aikin. Ya gama shi tun shekara shida da suka wuce, bai sani ba.

Na fita bayan ɗakin magani na tsaya. Da na dawo na tarar da Malam Murtala ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Malam zai ce. Na san zai fara da dariya, irin wadda yakan yi idan ɗalibi ya sha wahalar lissafi sannan aka gano alamar ɗebewa ce ya manta. Na san zai sa a karanta masa bayanin sauye-sauyen nan tun daga farko har ƙarshe, ya ji an ce harshen ya ƙara sauri, ya ji yanzu yana gaya wa mutum kuskurensa da magana irin ta mutane. Ba zai ce roƙonsa ne aka amsa ba, bai da wannan girman kan. Cewa zai yi gayya ta kai ga wannan kunyar gonar. Wataƙila kuma ya ɗan yi gunaguni irin na malamai, cewa yaran yanzu ba za su koyi duba aikinsu da kansu ba.

Abin da ban sani ba shi ne ko zai yi fushi da cirewar da aka yi. Ni na yi. Na ce wa Malam Murtala, mutanen nan da suka zauna suka yanke shawara, sun san akwai wani ɗakin haihuwa a Ƙaura da ke rataye a jikin abin da suka kira tsohon kaya? Ya ce ba su sani ba, kuma ba yadda za a yi su sani. Sun yi shekaru suna gargaɗi. Kayan da ba mai kula da shi, in an bar shi, shi ne ke zama ƙofar ɓarna. Mutane ne da ke aikin a lokacin hutunsu, ba za su iya goyon komai har abada ba. Na san gaskiya ya faɗa. Mun ci moriyar aikinsu shekara da shekaru, ko sannu ba mu taɓa aika musu ba. Amma gargaɗi sai da mai jin sa. Mutum ɗaya ne a kusa da mu yake jin wannan yaren, ya ji kuma, ya tashi ya yi abin da ya kamata da ragowar ganinsa. Ɗaliban da ya fara koya wa, waɗanda suka yi nisa sun tafi birane, waɗanda suka rage neman abinci da neman tsira sun sha kansu. Hannu ɗaya ne ya kawo mana abin da zai hutar da idon Malam, ya kuma ɗauke abin da aikinsa ke tsaye a kai. Na kasa gode masa da zuciya ɗaya, na kasa kuma riƙe shi da laifi.

Abin da ya fi zauna mini shi ne yammacin nan da ya rufe kwamfutar. Ya tafi yana ganin ya kasa. Ban taɓa jin ya faɗa ba, amma na zauna da shi, na san yadda ya daina tambayar ko an caja ta. Da a ce gyaran nan ya zo da wuri kaɗan, ko shi ya ƙara jinkiri kaɗan, da ya ji saƙon gwajin nan ya shigo da kunnensa. Ba na jayayya da ƙaddara. Ina dai faɗin abin da ke raina ne.

Malam Murtala ya gaya mini kada in saki jiki. Wannan zubin ma zai tsufa, wani zai zo, wata rana a sake cire wani abu. Ya ɗauki kwafi ya tafi da shi, ya ce zai riƙa bibiya iya ƙarfinsa. Shi ma furfura ta cika masa gemu. Na gane cewa rubutun Malam ba zai dawwama ba. Za a yi ta taɓa shi, layi bayan layi, har a wayi gari babu harafinsa ko ɗaya a ciki, ko kuma a wayi gari babu mai taɓawar.

Akwai abu ɗaya da ya faru a makonnin da manhajar take kwance, kwana kaɗan bayan rasuwar matar nan. Ina zaune a ofis da hantsi sai wani mutum ya yi sallama, dogo, da makullin mota a hannu. Ban san shi ba. Ya ce sunansa Mamman, yana jigila tsakanin Ƙaura da Moriki.

“Malama, lahiya dai? Na ga an kwan biyu saƙo bai shigo ba. Wancan karon da anka yanke sabis mun san dalili. Yanzu ko ga sabis, shiru. Muna ta zancen ga tasha, anka ce in zo in jiyo, ko an cire sunayenmu na.”

Na ce masa ba a cire kowa ba, na'ura ce ta lalace, ana jiran mai gyara. Ya gyaɗa kai. Ya ce shi bai daɗe da shiga ba, wani ubangidansa ne ya kawo shi aka gwada shi. Har ya juya zai fita sai ya tsaya.

“Wai ni kam, wa ka aiko muna saƙon ga? Gwamnati ta?”

Na gaya masa. Na ce wani malamin makaranta ne ya haɗa abin, mijina ne, kuma ya rasu shekara shida ke nan. Ya sa makullin a aljihu, ya ɗaga hannu biyu ya yi masa addu'a a nan tsaye, doguwa, na ce amin. Da ya shafa, sai ya leƙa ta ƙofa wajen ɗakin da mata ke kwance.

“To tunda na riga na zo,” ya ce, “a diba ko akwai mai bukata. Motata ba ta cika ba tukuna.”

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya haskaka masa kabarinsa.